Akun marigayi ya maƙale wa mabuɗansa, Hajiya ta hana a cire

Assalamu alaikum Malam. Ina rubuto maka daga Mabera, nan cikin garin Sakkwato. Mahaifinmu ya rasu bara bayan Babbar Salla, ya bar mana aku, irin mai launin tokar nan da jar wutsiya, wanda ya yi shekara 14 a hannunsa. Ranar da munka dawo daga jana'iza wanga aku ya yi ta ihu, sai wani cikin yara ya rataya masa ɗaurin mabuɗan Baba cikin keji, saboda Baba ya saba kaɗa masa su in ya shigo gida. Tun daga ranar bai rabu da su ba. Jingine da su yake kwana, yana tauna su, yana gyaɗa kai yana amayo abinci a kansu, wanda duk ya kai hannu ya sha cizo. Akwai kuma tsohon ɗankwalin da Hajiya ta ɗaura masa, ya yage shi ya zama zare, da wani ƙaramin madubi. Wata biyu ke nan ya fara fige gashin ƙirjinsa, kashinsa ya yi ruwa, yana shan ruwa fiye da da. Na ce a cire mabuɗan, Hajiya ta yi kuka ta ce in bar shi da abin da ya rage masa, don har yanzu yana kiranta da muryar Baba yana cewa "Hajiya, a kawo shayi." Ƙanena ya ce a sayo masa mata. In na cire na ɓata wa mahaifiyata rai, in na bari ina tsoron ya mutu a hannunmu. Yaya zan yi?

Wa'alaikumus salam, ɗana. Allah Ya jiƙan Alhaji, Ya kyautata makwancinsa, Ya ba Hajiya da ku duka haƙurin rashi.

Tsoron da kake ji yana kan hanya. Mabuɗan nan dole su fita daga bakin tsuntsun nan yau, kuma cikin makon nan likitan dabbobi ya gan shi. Amma Hajiya ma ba ta yi kuskure ba da ta ce abin da ya rage masa ke nan. Akwai yadda za a raba bakinsa da ƙarfen ba tare da an raba shi da abin da yake nema a jikin ƙarfen ba, kuma Hajiyar da kake ganin ita ce ta tare hanya, ita ce za ta yi aikin.

Bari in fara da lafiyarsa, don ita ce ba ta jira. Ka ce kashinsa ya yi ruwa, yana yawan shan ruwa, ga figar gashi. In waɗannan suka haɗu a jikin tsuntsun da ya yi watanni yana tauna ƙarfe, abin da likita zai fara zargi shi ne gubar ƙarfe. Yawancin mabuɗan ƙofa da na kwaɗo da tagulla ake yin su, sannan a lulluɓe su da farin shafi. Tagulla haɗin jan ƙarfe ne da tutiya, wato farin sinadarin nan da ake shafa wa kwanon rufi da wayar raga don kada su yi tsatsa, kuma masu ƙera mabuɗi sukan ƙara 'yar dalma a ciki don ƙarfen ya yi sauƙin yankawa. Mutum zai riƙe mabuɗi shekara talatin bai ga komai ba. Aku kuwa da baki yake riƙewa, bakin da yake fasa ƙwallo mai tauri. Yana kankare shafin, yana haɗiye ɓurɓushin, ɓurɓushin ya je ya zauna cikin ƙundu yana narkewa kaɗan-kaɗan yana shiga jini. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da jini, tutiya tana taɓa ƙoda da hanji. Ɗauko mabuɗan ka duba su a rana. In ka ga inda farin ya goge, ruwan ɗorawa ya fito, da 'yan zane-zane kamar an bi da zarto, to abin da ya ɓace daga wurin cikinsa ya tafi.

Mu a wannan yanki ba baƙi ba ne ga sharrin dalma. A 2010 a maƙwabtanmu Zamfara, ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ƙurar dutsen zinariya mai ɗauke da dalma da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara sama da 400. Yara ne da nauyinsu ya ninka na aku sau da yawa. Akunku duk jikinsa kusan rabin kilo ne. Ɗan abin da ba zai cika kan farce ba ya ishe shi.

Kada kuma ka yarda da cewa ai yana ci, yana magana, lafiyarsa lau. Tsuntsu yana ɓoye ciwo, domin a daji wanda ya nuna rauni shi shaho yake fara ɗauka. Ranar da ka gan shi ya kumbura gashi ya zauna a ƙasan keji, ko ƙafarsa ta kasa riƙe sanda, ko yana karkarwa yana faɗuwa, ko kashinsa ya koma kore shar ko ya fito da ja, ciwon ya daɗe da yin nisa. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da Tsangayar Koyon Likitancin Dabbobi da asibitin koyarwa na dabbobi a nan Sakkwato, akwai kuma likitoci masu zaman kansu. Ka nemi a yi masa hoton eksire, don ƙarfe yana fitowa fari tas a hoto, a kuma duba jininsa in akwai hali. Gubar ƙarfe tana da magani in an kama ta da wuri: allura ce da ke kama ƙarfen cikin jini ta fitar da shi ta ƙoda, tare da ƙarin ruwa. Kafin nan kada a ɗura masa manja, kada a ba shi madara, kada a jiƙa masa maganin kaji na kasuwa cikin ruwan sha. Ɗure yana iya sa abu ya bi masa ta hanyar numfashi, kuma babu ɗaya cikinsu da ke fitar da dalma.

Amayon abincin da ka ambata yana buƙatar ka tsaya ka lura, don iri biyu ne kuma likita zai tambaye ka. In ya miƙe wuya, ya gyaɗa kai sama da ƙasa sau da yawa, ƙwayar idonsa tana ƙanƙancewa tana buɗewa, fukafukansa sun ɗan saki, sannan ya ajiye abinci a kan mabuɗan a tsanake, wannan ciyarwa ce. Haka aku yake wa abokin zamansa a daji, namiji ya ciyar da macen da ke kwanci, iyaye su ciyar da 'ya'ya. In kuwa yana kaɗa kai gefe da gefe, abin yana fantsama a jikin waya, gashin kansa da na fuskarsa suna manne da yauƙi, wannan amai ne na ciwo. Daga bayaninka na fi zaton na farko ne, amma ana iya samun duka biyun a tsuntsu ɗaya. Ɗauki bidiyo da wayarka ka nuna wa likita.

Ɗankwalin nan ma yau zai fita, kuma shi ba ya buƙatar lallashi sosai. Zaren yadi ba ya narkewa a cikin tsuntsu. Yana taruwa a jakar abincin da ke ƙasan wuyansa ya dunƙule, har abinci ya kasa wucewa, wani lokaci sai an yi tiyata. Wanda bai haɗiye ba kuma yana naɗe yatsa. Siririn zare ɗaya in ya zagaye yatsar aku ya matse, jini ya daina zuwa, cikin kwana ɗaya ko biyu yatsar ta yi baƙi. Duba ƙafafunsa yanzu, yatsa bayan yatsa. Shi ma zoben da ya haɗa mabuɗan, irin mai murɗi biyun nan da ake buɗewa da farce, yana kama baki ko harshe ko akaifa, tsuntsu ya firgita ya yi ta fizga har ya ji wa kansa ciwo, galibi da dare lokacin da ba kowa. Madubi a cire shi. Bayan madubin kasuwa shafi ne da ba a san abin da ke cikinsa ba, gilashin yana fashewa, kuma tsuntsun da kaɗaici ya dame shi yakan ɗauki hotonsa a matsayin aboki, ya yi ta ciyar da wanda ba zai taɓa rama masa ba.

To, me yake nema a jikin mabuɗan? Irin wannan aku ɗan kurmi ne, daga dazuzzukan kudu maso gabashin ƙasar nan da Kamaru da Gabon da Kwango. A can cikin garke yake rayuwa, su kwana da yawa a bishiya ɗaya, su wuni suna kiran juna, kuma in ya zaɓi abokin zama yana daɗewa da shi. In ya tashi a gidan mutane sai ya zaɓi mutum ɗaya ya ba shi wannan matsayin. Naku Alhaji ya zaɓa. Shekara 14 ƙarar mabuɗai tana nufin Alhaji ya dawo, za a sosa masa kai, za a ba shi wani abu a baki. Rana ɗaya gida ya cika da baƙi da koke-koke, bayan kwanaki ya yi tsit, mutumin bai sake shigowa ba, sai aka ba shi abin da ke yin ƙarar. Hausawa suka ce sabo ake wa kuka. Kuma ba ƙaramar ƙwaƙwalwa gare shi ba. Wata masaniya a Amurka, Irene Pepperberg, ta yi shekara 30 tana nazarin wani aku irin naku mai suna Alex, wanda ya mutu a 2007. Ya san kalmomi sama da 100, yana bambance launi da siffa, yana ƙirga abubuwa har shida. Halitta mai irin wannan fahimta in aka bar ta daga safe zuwa dare ba aikin yi, ba mai kula ta, za ta samo abin da za ta jingina da shi, in ba ta samu ba ta koma kan gashin jikinta. Cizon da yake yi muku tsaron abokinsa yake yi, ba mugunta ba ce.

Shi ya sa ban yarda a fizge mabuɗan a jefa cikin aljihun tebur ba. Yaye za a yi masa, kuma kowa ya san ba a yaye yaro a bar shi shi kaɗai a ɗaki, hannun kaka ake miƙa shi.

Ga yadda za ku yi. Da yamma, lokacin da ya natsu, mutum ɗaya ya tsaya a gefe guda yana miƙa masa ɓarin dabino ta tsakanin waya, ɗaya kuma ya kwance mabuɗan ta waje ya zare su. In ta ciki aka rataya, a yanke abin ratayar daga sama da filaya, kada a cusa hannu. Sai a rataye su a bango ko a ƙusa kusa da kejin, inda yake ganinsu sarai amma ko ya miƙa wuya ko ƙafa ba zai kai ba. Daga gobe da safe Hajiya ce za ta riƙa ɗaukarsu. Ta shigo, ta kaɗa su kamar yadda Alhaji yake yi, ta kira shi da sunan da Alhaji ke kiransa, ta miƙa masa abin da ya fi so ta jikin waya, ta zauna kusa da shi ko na minti goma ne tana lazimi ko tana tsince shinkafa. Bayan asuba sau ɗaya, bayan la'asar sau ɗaya, a lokutan da ya saba ganin Alhaji. Abin da ake so shi ne ƙarar nan ta sake zama alamar mutum mai rai yana zuwa. Bayan mako biyu ko uku a matsar da ƙusar nesa kaɗan. In ya fara tarbar Hajiya tun kafin ta kaɗa, mabuɗan sun gama aikinsu, sai ta ajiye su a ɗakinta.

Kwanakin farko zai yi ihu, wataƙila ya ƙara figar gashi, ya rage ci. Nan ne zuciyar Hajiya za ta karye ta ce a mayar masa. Kada a mayar, ko sau ɗaya. Kada kuma a daka masa tsawa, ko a buga keji, ko a lulluɓe shi da zane don horo. Tsawa a wurin aku amsa ce, yana jin ya yi kira an amsa, gobe zai ƙara. A bari ya yi shiru ko na ɗan lokaci, sannan a zo a yi masa magana. In ya wuni cur bai ci komai ba, wannan kuma maganar likita ce, ba ta haƙuri ba.

Bakinsa ba zai zauna haka nan ba, dole a ba shi abin tauna. A nan Allah Ya hutar da ku, don abin da masu kiwon aku a Turai suke saye da tsada, mu yana zube a kasuwanninmu. Kaba wadda ba a rina ba, a kitsa ta gajere a rataya, zai wuni yana tsefe ta. Goruba sukutum, ya kankare bayan ya yi ta fama da ƙwallon. Ɓawon kuka da garinsa a ciki, a ɗan fasa masa baki. Ɓallin ƙwarya mai tsabta wadda ba a yi wa fenti ba. Karan dawa, totuwar masara da ɓawonta, zangarniyar gero ko ta dawa a rataye ya riƙa tsinta da kansa, in dai kun tabbata ba a zuba mata maganin ƙwari a rumbu ba. Reshen zogale da ganyensa, ko na gwaiba, a wanke a shanya a rana, kuma kada a yanko daga bakin titi ko daga fadamar da aka yi wa feshi. Duk abin da ya yi fumfuna ko ya jiƙe ya kwana, a zubar, domin fumfuna tana kama huhun aku ta yi masa mummunar illa.

Fata ma tana da kyau, amma ba kowace ba. Fatar takalmi da bel da jakar kanti yawanci da sinadarin masana'anta ake jeme ta, ba ta dace da baki ba. Wadda ake so ita ce wadda aka jeme da bagaruwa, kuma wannan sana'ar garinku ce tun kaka da kakanni, fatar jar akuyar Sakkwato har ƙetaren hamada ta yi suna. Je wurin majema ko dukawa ka ce a ba ka wadda ba a rina ba, ba a shafa mata komai ba. Yanka ta siri-siri, tsawon kada ya wuce taƙi ɗaya, ka ƙulla ƙulli uku ko huɗu a jiki, ka zura ɓallin ƙwarya ko guntun kara a tsakani. Aku yana son kwance ƙulli ƙwarai. In kana son ya samu abin da ke ƙara kamar mabuɗai, haɗa masa ƙananan cokula biyu ko uku na sitenles, na ainihi waɗanda ba sa tsatsa ba sa ɓare shafi, a ɗaure da wannan fatar. Dokar rataya ɗaya ce: kada a bar madauki ko rami da kansa zai iya shiga, kada a bar igiya mai tsawon da za ta zagaye wuyansa.

Abin wasan da ya fi kowanne amfani shi ne wanda ke sa shi wahalar neman abinci, don a daji rabin wuninsa a nan yake tafiya. Naɗe ƙwayar gyaɗa ɗaya a farar takarda ka murɗe bakin, ka cusa a jikin waya. Huda karan dawa ka tura guntun dabino ciki. Da farko ka bari ya ga lokacin da kake ɓoyewa. Tsuntsun da ke aikin kwance takarda ba ya samun lokacin fige ƙirji.

Sai dai ka sani aku matsoracin sabon abu ne, irin naku ma ya fi sauran. In ka jefa masa goruba cikin keji yau, yana iya maƙalewa a lungu yana gurnani. Ajiye ta a kan tabarma nesa da shi kwana biyu. Hajiya ko yara su riƙa juya ta a hannu a gabansa. Sannan a rataya ta a wajen keji, sannan a ciki, can ƙasa, nesa da sandar da yake kwana. Abu uku ko huɗu sun isa a lokaci ɗaya, a riƙa sauya su duk mako, don kada ya sake ɗaukar ɗaya ya mayar da shi abokin rayuwa. In ka ga ya fara ciyar da wani ko yana cizo a kansa, a ɗauke wannan ɗin na ɗan lokaci.

Abubuwan da ba za su kusanci kejin ba: tumfafiya, zurman, bi-ni-da-zugu, da duk itacen da ke fitar da farin ƙaro in an karya shi. Guntayen katakon kafinta, don akwai mai gam, akwai mai fenti, akwai wanda aka yi wa maganin gara. Kayan wasan yara na roba mai fashewa, carbi, 'yan kunne, batir, wayar lantarki, da ƙananan ƙararrawa masu tsaga a jiki, waɗanda ke kama akaifa kuma ɗan ƙarfen cikinsu yana haɗiyuwa. Kwalli ma a nesanta shi, don na gargajiya da yawa dutsen dalma ne. Kejin kansa ka dube shi. In na wayar ragar kaji ne, ko mai walda ne ya haɗa ya shafa masa fentin mai, kuma ka ga inda aku ya ɓare fentin ko wani farin gari a jikin wayar, to ko an cire mabuɗai gubar ba ta ƙare ba. Faɗa wa likita, ku yi shawarar sauya shi.

Tunda yana kiran shayi, ina zaton Alhaji yana ɗan kurɓa masa, wataƙila har da ɓarin goro. A daina. Shayi da kofi da goro da cakulan duk suna da sinadarin da ke hargitsa bugun zuciyar tsuntsu. Fiya guba ce gare shi, albasa da gishiri ma ba nasa ba ne. Gyaɗa ta zama lada, kada ta zama tuwo, a ƙara masa karas, gwanda, mangwaro, ganyen zogale, dafaffen wake da masara. Hayaƙin turaren wuta, maganin sauro na ƙonawa, fiya-fiya, hayaƙin janareto, da kaskon suya mai baƙin shafin nan da abinci ba ya kamawa in ya yi zafi fiye da kima, duk suna iya kashe tsuntsu a ɗakin da mutum bai ji komai ba. In za a yi turare, a fitar da kejin tukuna.

Figar gashin tana iya samun ƙarin dalili daga iskar garinmu. Tsuntsun kurmi ne aka kawo shi inda hunturu ke busar da fata, bazara kuma zafi ya haura digiri 40. A riƙa yi masa yayyafin ruwa mai tsabta da hantsi, ko a ajiye masa faranti mai faɗi ya yi wanka, kejin yana inuwa inda iska ke ratsawa. Ya samu barcin awa 10 zuwa 12 a wuri mai duhu da shiru, ba falon da talabijin ke kunne har sha biyun dare ba. In ya fara yarda da hannu, a sosa masa kai da wuya kawai. Shafa baya da ƙarƙashin fiffike yana tayar masa da sha'awar barbara, abin da ke ƙara ciyarwar nan da kishi da cizo. Saboda wannan dalilin kada a sa masa kwali ko tukunya ko wani lungu mai duhu da zai ɗauka sheƙa ce.

Shawarar ƙanenka ta sayo mata, ban goyi baya ba. Da ido ba a iya tabbatar da namiji ko mace a wannan irin, sai da gwaji, don haka ba ku ma san ko naku namiji ba ne. Aku biyu da ba su tashi tare ba suna iya ƙin juna har su ji wa juna rauni, baƙon kuma yana iya shigo da cuta. Sannan yawancin waɗanda ake sayarwa a kasuwa daga daji aka kamo su, da yawa suna mutuwa a hanya kafin ɗaya ya iso. Yawan kamun ne ya sa a taron yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, da aka yi a Johannesburg ta Afirka ta Kudu a 2016 aka sa wannan aku a jerin halittun da aka hana cinikin na dajinsu tsakanin ƙasashe. Wanda ke hannunku ku riƙe shi da kyau. Yana iya kai shekara 40 ko 50, wato wataƙila yanzu ma bai yi rabi ba, don haka kada Hajiya kaɗai ta zama tasa. Kai da ƙanenka da yaran gidan kowa ya samu ɗan abin da yake yi masa kullum, wani ruwa, wani wanka, wani ɓoyon gyaɗa, don kada ranar da ta yi tafiya Umara ko ta kwanta jinya a koma gidan jiya.

Saura yadda za ka tunkari Hajiya. Kada ka je mata da "an ce" ko "na karanta." Kada ka yi maganar a gaban surukai ko yara. Same ta ita kaɗai bayan sallar isha, ka zauna ƙasa, ka fara da cewa ka san tsuntsun nan amanar Baba ce kuma kana tsoron amanar ta salwanta a hannunku. Nuna mata inda ya kankare mabuɗan, ta taɓa da yatsarta. Ka ce mata ba jefarwa za a yi ba, hannunta za su koma, ita ce ta fi kowa cancantar riƙe su, kuma ita kake roƙo ta karɓi aikin da Baba yake yi. In ta yi kuka, ka bar ta ta yi. Kukan ba na mabuɗai ba ne, kuma jin ciwo saboda tsuntsu ba abin kunya ba ne. Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa ƙanensa yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, tsuntsun ya mutu, yaron ya yi baƙin ciki, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riƙa tambayarsa cikin lallashi: "Ya Aba Umair, me ɗan tsuntsun ya yi?" Daga wannan hadisi malamai suka fahimci halascin ajiye tsuntsu, da sharaɗin a ba shi haƙƙinsa, kada a cutar da shi. In kana ganin maganar za ta fi shiga ta bakin yayarta ko ƙaninta, ka fara samun su, amma kada neman mai shiga tsakani ya sa mabuɗan su ƙara kwana a keji.

Ranar zuwa asibiti ka fita da sassafe kafin rana ta yi zafi, ka rufe rabin kejin da zane mara zare a baki, kada ka ɗora shi a bayan babur cikin iska da ƙura. Tun daren ka shimfiɗa farar takarda a ƙasan kejin don likita ya ga kashin kwana ɗaya yadda yake. Tafi da mabuɗan, da ragowar ɗankwalin, da samfurin abin da yake ci, da bidiyon nan. In Hajiya za ta iya, ku tafi tare, ta ji bayanin daga bakin likita, ta kuma koyi yadda ake ba shi magani, tunda ita ce za ta riƙa ba shi. Gashin ƙirjin zai ɗauki watanni kafin ya dawo, inda ya daɗe yana figa ma wataƙila ba zai cika kamar da ba, don haka ku riƙa auna sauƙinsa da cinsa da kashinsa da yadda yake tarbar mutane. Allah Ya ba shi lafiya. Ka gaishe min da Hajiya, kuma ka rubuto ka sanar da ni abin da hoton ya nuna.